Taslim miftah (a miƙo maka makulli), azam (ƙashin gini) da kaya, ko ka sayi kayanka da kanka? Ga mai shirin gina gidansa a Jidda ko Makka

Tun da aka fara rusau a tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, irin su Gulel da Bitrumin da Karantina da Sabil, maganar gini ta dawo bakin mutanenmu sosai. Wasu diyya suka karɓa suka sayi fili can wajen gari, wasu gado aka raba, wasu kuma hayar ce kawai ta ishe su. Kuma duk majalisar da ka zauna tambayar ɗaya ce, wa zan ba aikin nan? Wannan ya ce ka ba kamfani ɗaya su miƙo maka makulli ka huta, wancan ya ce a'a cutarka za su yi, sayi rodinka da simintinka ka kawo ma'aikata, sai mutum ya tashi kansa ya fi ɗaurewa fiye da lokacin da ya zauna.

To ga yadda nake ganin abin. Hanyoyin ba muƙawil, wato ɗan kwangilar gini, aiki guda huɗu ne, kowacce da wanda ta dace da shi, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma akwai mutum ɗaya da ya fi zaɓin hanyar muhimmanci, shi ne injiniyan da zai tsaya maka a kan aikin, wanda kai ka nemo shi, kai kake biyansa, ba abin da ya haɗa shi da muƙawil. In ka samu wannan kowace hanya tana iya fitar da kai. In ka rasa shi ko kamfanin da ya fi kowa suna ka ba aiki, kana cikin duhu ne.

Waɗanda ba makawa sai da su

Kafin ma a zo maganar hanya, akwai mutanen da doka da hankali suka ce dole su shigo.

Farko dai takardar fili. Sakkin ya zama da sunanka kuma an sabunta shi ya koma na lantarki, don da shi ake neman izinin gini. Wannan abin da wasu ke yi na rubuta fili da sunan aboki ɗan ƙasa saboda su baƙi ne masu iƙama, wato takardar izinin zama, don Allah a bari, rai na hannun Allah kuma magada ba su san alkawarin baki ba. An amince da sabuwar dokar mallakar baƙi a Yulin 2025, amma wurare ne keɓantattu, kuma Makka da Madina suna da nasu sharuɗɗa na daban, saboda haka mai iƙama ya fara ganin lauya kafin ya ga magini.

Sai mai awon fili, ya kafa maka iyaka daidai da abin da ke cikin sakki. Aikin yini guda ne amma shiga filin maƙwabci da rabin mita na iya sa a ce ka rushe katanga.

Sai masu gwajin ƙasa. Nan mutane ke son tsallakewa don suna ganin asarar kuɗi ce, alhali shi ne ke gaya wa injiniya irin fandishon da za a yi. Ƙasar Jidda, musamman wajen da ya kusanci teku, gishiri gare ta kuma ruwan ƙasa a kusa yake, kana haƙa kaɗan sai ka ga ya tsattsafo, shi ya sa ake sa siminti mai jure gishiri a ƙasa, a shafe fandisho da kwalta, wani lokaci sai an kwashe ƙasar an zubo wata an daddanne. Makka kuwa akasin haka ne, dutse ne, kuɗin fasa shi kaɗai na iya girgiza lissafinka tun ba a ɗora bulo ɗaya ba. Kuma a Jidda ka duba ko filin yana kan hanyar ruwa, duk wanda ya ga ambaliyar Nuwamban 2009 da ta Janairun 2011 ba sai an yi masa bayani ba.

Sai ofishin injiniyoyi, maktab handasi, su ne masu zane: fasalin gida, lissafin rodi da kankare, wayarin, fayif. Su kuma ke shigar maka da neman izini ta manhajar Balady. Ka tabbata ofishin yana da rajista da Hukumar Injiniyoyi ta Saudiyya. Kuma a wannan matakin ne ake zama da uwargida, ba bayan an zuba dakin, wato kankaren rufi, ba. Gidanmu ba irin gidan zanen da suke da shi a kwamfuta ba ne, muna son majalisar maza da ƙofarta daban, ta mata daban, kicin na waje inda za a tuƙa tuwo a soya manja ba tare da gida ya turnuƙe ba, ɗakin baƙi don 'yan'uwa daga Kano ko Damagaram ba sa yankewa lokacin Umara, kuma yawancinmu muna da niyyar ɗora wa yara shiƙƙa, wato sashen zama mai zaman kansa, a sama in sun yi aure. In akwai wannan niyyar a faɗa wa injiniya tun yanzu ya lissafa ginshiƙan da nauyinta. Gyara a takarda kusan kyauta ne, gyara a kankare kuwa sai an fasa.

Sai injiniyan sa ido, mushrif. Tun Yulin 2021 da dokar gini ta Saudiyya ta hau kan gidajen zama, dole ne a samu ofishin da ke sa ido, da muƙawil mai rajista, da inshorar ɓoyayyun lahani ta shekara 10 wadda muƙawil ke yanka, kuma masu inshorar suna turo nasu masu duba aikin. In an gama sai an fitar da shahadar cewa gida ya kammala bisa ƙa'ida kafin wuta ta zauna maka yadda ya kamata, kuma rufin hana zafi a bango da saman gida yana cikin abin da ake dubawa. Wato zamanin "mu gina kawai daga baya a gyara takarda" ya wuce.

Inda ake yin kuskure shi ne muƙawil ya ce maka kar ka damu ina da ofishin da muke aiki tare, zai sa hannu da araha. Wallahi kar ka yarda. Wanda muƙawil ke kawo wa ciniki duk wata ba zai ce masa kwance rodin nan ka sake ba. Nemo naka, ku rubuta sau nawa zai zo da kuma a wane mataki: kafin a zuba fandisho, kafin ginshiƙai, kafin kowane dakin, lokacin gwajin fayif, lokacin gwajin rufin ruwa. Kuma ba a biyan muƙawil kuɗin mataki sai shi ya sa hannu.

Ma'aunin da za mu auna da shi

Abu biyar nake dubawa. Kuɗi, kuma ba yawan kuɗin kaɗai ba, har da ko za ka iya sanin ƙarshen lissafin tun farko. Ƙarko, wato yadda gidan zai kasance bayan shekara goma sha biyar, ba ranar walima ba. Lokacinka da wahalarka, don wanda ke aikin safe zuwa yamma ba ɗaya yake da wanda ya yi ritaya ba. Haɗari, kamar guduwar muƙawil da kuɗi ko tashin farashin rodi. Na biyar kuma, in abu ya lalace wa za ka kama.

Wani abu da ya shafi duka hanyoyin: harajin kaya kashi 15 ne cikin ɗari tun Yulin 2020. Duk farashin da aka ba ka tambayi ko da haraji a ciki. A misali, aikin riyal 800,000 harajinsa 120,000 ne, kaga ba abin da za a gano a tsakiyar aiki ba ne.

Hanya ta farko: taslim miftah

Muƙawil ɗaya ya ɗauki komai tun daga haƙa har fenti, ya miƙo maka makulli.

Wajen kuɗi ita ce mafi tsada a takarda, don yana ɗora ribarsa a kan kaya da kuma kan kowane mai sana'a da ya kawo. Amma ita ce kaɗai ke ba ka jimla tun ranar farko, in rodi ya tashi a tsakiyar aiki shi ta shafa, sai dai in ya sa sharaɗin canjin farashi a yarjejeniya, don haka karanta wannan layin da kyau. Ga wanda ya karɓi tallafin gina gida da kanka ta shirin Sakani, inda banki ke sakin kuɗi kashi-kashi gwargwadon yadda aiki ya kai, wannan tsarin yana tafiya da shi lafiya lau.

Ƙarko fa? Nan ne gizo ke saƙa. Tunda farashi a ƙulle yake, duk riyal ɗin da ya rage a kaya aljihunsa zai shiga, kuma ba a tayil ko fenti zai rage ba don waɗannan kana gani, a cikin bango zai rage: kaurin waya, irin fayif, rufin hana ruwa a banɗaki, maganin gara a ƙarƙashin daɓe. Maganin wannan shi ne takardar bayanin kaya mai tsawo, ba "kaya masu kyau" ko "daraja ta ɗaya" ba, waɗannan kalmomin ba su da ma'ana a gaban alƙali. A rubuta sunan kamfani da lamba. Waya ta Alfanar ce ko Riyadh Cables ko Bahra, kauri nawa ga na'urar sanyaya ɗaki, kauri nawa ga soket. Rodi na wace masana'anta. Fenti Jotun ne ko Jazeera, shafa nawa. Tayil kuma a sa masa farashin mita, in ka zaɓi wanda ya fi haka ka cika, in ka zaɓi na ƙasa a maido maka da ragowar. In muƙawil ya ƙi a rubuta wannan dalla-dalla to ka riga ka san amsarka.

Wajen sauƙi ba ta da na biyu. Mutum ɗaya kake kira. Kuma in ruwa ya tsattsafo daga silin ba wanda zai ce maka laifin mai fayif ne ko na mai tayil, duk nasa ne.

Haɗarinta babba ɗaya ne, duk ƙwanka a hannun mutum ɗaya yake. In ya ɗauki kuɗinka ya toshe ramin wani aikin nasa, wanda abu ne da ke faruwa sosai, aikinka zai tsaya cak kuma wani muƙawil ba ya son karɓar aikin da aka fara. Saboda haka kuɗin farko ya zama kaɗan, sauran kuma ya riƙa bin aiki a baya, kar ya wuce shi gaba ko sau ɗaya. Sannan duk canjin da ka kawo bayan sa hannu, ko matsar da ƙofa ne, zai caje ka yadda ya ga dama don ya san ba inda za ka.

Hanya ta biyu: azam da kayan muƙawil, gamawa kuma a hannunka

Nan muƙawil zai yi ƙashin gini da kayansa, fandisho da ginshiƙai da dakin da bulo, ana lissafi da mita. In ya gama sai kai ka ɗauko mai wuta, mai fayif, mai filasta, mai tayil, mai fenti, mai alminiyam, kowa da yarjejeniyarsa. Wannan hanya ce da masu gina gidan kansu da yawa ke bi kuma ni ma ita na fi karkata gare ta ga mai matsakaicin hali.

Dalili shi ne an raba aikin inda ya kamata a raba. Ƙashin gini aikin lissafi ne, ba ruwansa da ra'ayinka, injiniya na iya ƙirga rodi ya auna tazara ya ɗauki samfurin kankare a gwada a kwana 7 da kwana 28, magana ta ƙare. Gamawa kuwa ita ce inda son rai yake, kuma ita ce inda kuɗi ke iya ninkawa ko ya ragu, to gara ta zama a hannunka. Kana iya sa tayil mai tsada a majalisa ka sa na Saudi Ceramics mai sauƙi a ɗakin yara, kana iya gama ƙasa ku tare a bar sama sai an samu hali.

Kuɗinta tsaka-tsaki ne. Amma ka kula da yadda ake awon mita, rigimar da ta fi yawa kenan. Shin mitar ta haɗa da fandisho ko daban ne? Katanga fa, da tankin ruwa na ƙasa, da sokawe, da ɗakin saman bene, da cikon ƙasa? Wani zai ba ka farashin mita mai daɗin ji ya bar duk waɗannan a waje, wani ya ba ka mai ɗan tsada amma komai na ciki. Bambancin riyal 50 a mita a gini mai mita 600 riyal 30,000 ne, amma tanki da katanga da ciko in suna waje za su iya cinye wannan har su wuce. Ka sa injiniyanka ya fitar da jadawalin adadi guda ɗaya, ka ba muƙawil uku su cike shi, sai kwatancin ya zama na gaskiya.

Ƙarko ya danganta da sa ido. Tunda kayan nasa ne zai so ya rage rodi ko ya sa a ƙara wa kankare ruwa don ya yi saurin bazuwa, wanda ke kashe ƙarfinsa. A riƙa karɓar takardar kowace motar kankare a ajiye. Kuma shayar da kankare ruwa aƙalla kwana bakwai a rubuta wa ke da alhakinsa, don a zafin nan namu kwana biyu in aka yi sakaci sai ka ga dakin ya tsattsage.

Wahalarta a rabi na biyu take. Mai wuta da mai fayif ma ba a jira sai azam ya ƙare, dole su shigo tun ana ɗaura rodin dakin su sa bututunsu, in ba haka ba daga baya sai fasa. Kuma jerin aiki yana da tsari: a gwada fayif da matsin ruwa kafin filasta ta rufe shi, a cika banɗaki da saman gida da ruwa a bar shi kwana biyu a gani ko zai zubo kafin a sa tayil. In ka kawo mai tayil kafin wannan don yana gaggawa, kai za ka biya sau biyu. Kuma in matsala ta fito kowa zai nuna ɗan'uwansa.

Hanya ta uku: masna'iyya, kai ka sayi kaya su kuɗin hannu kawai

Wannan ita ce dattawanmu suka fi yarda da ita, wai sai ka ga rodinka da idonka. Kuma akwai gaskiya a ciki. Muƙawil ba shi da ribar rage kaya tunda ba shi ya saya ba, kai ka zaɓi masana'anta, kai ka zaɓi kamfanin kankare, siminti ko na Yanbu ne ko na Rabig kai ka sani. In ka iya ciniki kuma kana da tsabar kuɗi a hannu ita ce mafi araha.

Sai dai araha ba ta ado, kuma arahar nan sharaɗi gare ta. Wanda bai sayi kaya da kuɗinsa ba ba ya tausayinsu, za ka ga an yayyanka rodi an zubar da guntaye, an yi odar kankare fiye da buƙata an juye saura a bakin titi, bulo ya farfashe, wani abin ma da dare yake tafiya in ba mai gadi. Muƙawil babba yana sayen tan-tan da rangwame, kai kuwa farashin kanti za a ba ka. Tashin farashi duk a kanka yake. Kuma ranar da mota ta makara ma'aikata suka zauna, zai ce jinkirin daga gare ka ne, kuma gaskiyarsa.

Wajen wa za ka kama kuwa ita ce mafi rauni. Ginshiƙi ya tsage, shi ya ce kankarenka ne ba kyau, kamfanin kankare su ce ma'aikatansa ne suka ƙara ruwa. In ba ka da injiniyan da ya ɗauki samfuri ya rubuta rahoto a ranar, ba ka da hujja. Kuma ko a wannan hanyar ma sai muƙawil mai rajista ya shiga takardun izini da inshora, ba wai ka tara mutane kawai ba.

Lokaci kuwa kusan aiki ne na biyu ka ɗauka. Da asuba kana fili, da dare kana fili, don a bazara yawanci da dare ake zuba kankare, ga dokar hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Mai gini a Makka kuma ya sa lokacin Hajji a lissafi, shiga gari na komawa sai da izini, motocin kaya da ma'aikata duk abin na shafarsu, Ramadan ma aiki rabi ne.

Bari in faɗi wani abu a nan don a wannan hanyar yake shigowa. Ɗauko ma'aikata daga bakin titi, waɗanda ba sa ƙarƙashin kamfanin da ka yi yarjejeniya da shi ko ma ba su da iƙama, laifi ne da tara a kan mai aikin, kuma in wani ya faɗo daga bene ba inshora ba komai, kai ne a ciki. Na san da yawansu 'yan'uwanmu ne masu neman halal kuma wasu hannunsu ya fi na kamfani kyau, zuciya tana so ta taimaka. Hanyar taimakon ita ce wanda takardunsa ke daidai a shigar da shi ta ƙarƙashin muƙawil. Haka nan kamfanin da sunan ɗan ƙasa ne kawai a takarda amma wani ke juya shi a ɓoye, tasattur kenan, dokarsa mai tsanani ce, kuma alamarsa ita ce a ce ka tura kuɗi asusun wani mutum ba na kamfani ba. Kar ka tura.

Hanya ta huɗu: ka ɗauki manajan aiki

Injiniya ko ƙaramin ofis ne zai zama wakilinka, ya nemo farashi, ya tsara masu sana'a, ya yi odar kaya da sunanka, kai ka biya shi albashin wata ko kaso na kuɗin aikin. Kamar hanya ta biyu ko ta uku ce amma wani ke yin zirga-zirgar. Tana da kyau ƙwarai ga gini babba, kuma ƙarkonta na iya fin na kowa in mutumin kirki ne. Abin tsoro biyu ne: in kaso yake karɓa to tsadar aiki ribarsa ce, gara kuɗi tsayayye, sannan yana iya karɓar la'ada a wajen masu sayar da kaya ba ka sani ba, don haka rasit ya fito da sunanka kuma kai ka biya kai tsaye. Kuma shi ba ya maye gurbin ofishin sa ido, aikinsu daban.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Taslim miftah | Azam da kaya | Masna'iyya | Manajan aiki |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mafi tsada | Tsaka-tsaki | Mafi araha in ka iya | Tsaka-tsaki da kuɗin manaja |
| Sanin jimla tun farko | Eh | Rabi | A'a | Kusan |
| Ƙarko | Sai da takardar kaya mai ƙarfi | Mai kyau da sa ido | Kaya masu kyau, aiki sai sa ido | Mai kyau in amintacce ne |
| Lokacinka | Kaɗan | Da yawa a gamawa | Kullum | Kaɗan |
| Babban haɗari | Tsayawar aiki, rage kayan ɓoye | Rigimar awon mita | Ɓarna, sata, tashin farashi | La'adar ɓoye |
| Wa za ka kama | Mutum ɗaya | Kowa da nasa | Da wuya | Kowa da nasa |

Kafin ka sa hannu da kowa

Ka duba rajistar kamfanin a dandalin Muqawil na Hukumar 'Yan Kwangila, a can ma akwai samfurin yarjejeniya da za ku iya amfani da shi. Ka je ka ga gidan da ya gina shekara huɗu ko biyar da suka wuce, ba wanda ake fenti yanzu ba, ka yi sallama da mai gidan ka tambaye shi banɗaki na zuba ko bango ya tsage, kuma in ya kira muƙawil ɗin yana zuwa? Ka je wani aikin nasa da ake kan yi ka ga ma'aikatan, don wanda ya zo maka da farar riga da turare ba shi zai ɗaura rodin ba. A yarjejeniya a sa ranar gamawa, tarar jinkiri, da kason da za ka riƙe, kamar biyar ko goma cikin ɗari, har sai an zauna a gidan an ga komai lafiya.

Kuma kunyar nan tamu ta "ai ɗan garinmu ne, ai surukin Alhaji ne, ya za a yi in ce ya sa hannu", ita ta raba gidaje da yawa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kafa shaidu. Rubutun kare zumuncin yake yi, shi ma kariya ce gare shi ranar da kai ka manta abin da kuka yi.

To wacce ta dace da wa?

In kana aikin gwamnati ko kamfani ba ka da sararin zuwa fili, ko gidan a Jidda kai kana Riyad, ko kuɗin banki ne ke fitowa kashi-kashi, ɗauki taslim miftah, amma ka kashe kuɗi a kan takardar bayanin kaya da injiniya mai zuwa akai-akai. Haka ma hajiyar da ke gina wa marayu da kuɗin gado, wannan ce ta fi mata kwanciyar hankali, don jimlar a bayyane take ga duk magada kuma mutum ɗaya za a tuhuma.

In kuɗinka a hankali suke shigowa, kana son ku tare a ƙasa a ci gaba da sama daga baya, kuma kana da yamma da ranar Asabar, azam da kayan muƙawil ita ce taka. Sai dai ka nemo mai wuta da mai fayif tun kafin a zuba dakin farko.

In ka taɓa gini, ko kai ɗan sana'ar ne, ko ka yi ritaya kuma akwai ɗa ko ƙane da zai riƙa kwana kusa da filin, ga tsabar kuɗi a hannu, masna'iyya za ta rage maka kuɗi na gaske. Wanda wannan ne gininsa na farko kuma yana da aikin yi, ban ba shi shawarar ta ba ko kaɗan.

In kuma gidan iyali ne babba, 'yan'uwa uku ko huɗu sun haɗa kuɗi za a yi bene mai shiƙƙoƙi kowa da tasa, ku ɗauki manajan aiki wanda ba ɗan gidan ba, ku buɗe asusu ɗaya na ginin, ya riƙa turo muku rahoto da rasit duk wata, kuma ku wakilta mutum ɗaya a cikinku wanda shi kaɗai ke da bakin ce wa muƙawil a canja ko a bari.